Mayar da littattafan ƙagaggen labarin kimiyya zuwa fim

Mayar da littafin ƙagaggen labarin kimiyya zuwa fim shi ne ɗaukar labarin da aka gina shi a kan hasashen kimiyya da fasaha, kamar tafiya sararin samaniya, mutum-mutumi ko rayuwa a wata duniya, a sake tsara shi don kallo. Yawanci kamfanin fim yakan sayi haƙƙin littafin daga marubuci ko magadansa, sannan marubucin fim ya taƙaita shi. Wannan reshe yana da tsada, domin abin da marubuci ya siffanta a jimla ɗaya, dole a gina shi ko a zana shi da kwamfuta kafin ya bayyana a allo.

Tarihi

Georges Méliès na Faransa ya fitar da Le Voyage dans la Lune a 1902, gajeren fim marar sauti a kan tafiya zuwa wata, wanda ya ɗebo daga littattafan Jules Verne da H. G. Wells. An fara yin fim ɗin Frankenstein, littafin Mary Shelley na 1818, a Amurka a 1910. Daga baya aka samu Solaris a 1972 daga littafin Stanisław Lem, da Blade Runner a 1982 daga na Philip K. Dick, da Jurassic Park a 1993 daga na Michael Crichton.

Dune da matsalar tsawo da harshe

Littafin Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a 1965, shi ne misalin da aka fi kafa hujja da shi. David Lynch ya cusa labarin gaba ɗaya cikin fim ɗaya a 1984, bai samu karɓuwa ba. Denis Villeneuve ya raba shi gida biyu, a 2021 da 2024, kashi na farko ya ci kyautar Oscar guda 6. Wahalar littafin ita ce yawancin abin da ke faruwa a zukatan taurarin yake. Lynch ya sa mai kallo yana jin muryar zuci, Villeneuve kuwa ya rage ta sosai, ya bar fuska da shiru su yi bayani.

Akwai kuma batun kalmomi. Herbert ya aro kalmomin Larabci da yawa ya ba mutanen hamadar labarin, har da Mahadi da jihadi, waɗanda Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa. Finafinan Villeneuve sun riƙe Mahadi, amma sun maye gurbin jihadi da "yaƙi mai tsarki", abin da ya jawo suka daga masu ganin an kankare asalin littafin. An kuma ɗauki David J. Peterson, masanin ƙirƙirar harsuna, ya gina wa mutanen harshen da ake ji a fim ɗin, alhali littafin 'yan kalmomi da jimloli kawai ya bayar.

A ƙasar Hausa

Mayar da littafi fim ya girmi Kannywood. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, ya zama fim a 1976 a hannun Adamu Halilu. An gyara tsohon kwafinsa aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko, marubutan adabin kasuwar Kano sun shiga harkar da littattafansu. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu duk sun zama finafinai a shekarun 1990. Dukkansu labaran soyayya ne da zaman aure, waɗanda gida ɗaya da titi ɗaya sun isa a ɗauke su.

Littafin da manazarta suka fi ambata a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko a Hausa shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga shi a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata. Labarin wani yaro ne, Kilba, da ya haɗu da Kolin Koliyo, wani baƙo daga sama, wanda ya tafi da shi yawon sararin samaniya. Irin wannan labari yana buƙatar kumbo, taurari da halittun da babu su a zahiri, kuma kasafin fim ɗin bidiyo da ake sayarwa a kaset bai kai nan ba. Dabarun kyamara da masana'antar ta saba da su, kamar ɓacewar mutum ko bayyanar aljani, a finafinan tatsuniya da na sihiri aka fi amfani da su. Bambancin a bayyane yake: mai kallo ba ya tambayar yadda aljani ya tashi sama, amma kumbo sai an gamsar da shi cewa na'ura ce.

A Najeriya, C. J. Obasi ya mayar da gajeren labarin Nnedi Okorafor mai suna Hello, Moto zuwa gajeren fim, Hello, Rain, a 2018. Labarin wata masaniyar kimiyya ce da ta haɗa fasaha da tsafi ta ƙera gashin kanti mai ba da iko, ƙawayenta biyu suka juya shi zuwa ɓarna.