Daga Bakin Ungozoma Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Muryar Da Ke Yi Wa Uwa Nasiha

Wanda ya ratsa lungunan Unguwar Hausawa ta New Bell da hantsi, bayan maza sun fita kasuwa, da wuya ya rasa jin wata murya tana tashi daga tsakar gida. Waya ce a ajiye kan taga ko a gefen murhu, uwargida tana wanki ko tuƙin tuwo, wata mace kuma daga Kano ko Kaduna ko Yamai tana bayani a kan yaye, ko zafin jikin jariri, ko kumburin ƙafar mai ciki. Mai magana ba ta taɓa taka Duwala ba, mai saurare kuma wataƙila ba ta taɓa ganin Kano ba, amma harshe ya haɗa su kamar ’yan ɗaki ɗaya. Wannan murya tana da tarihi, kuma tarihin nata ya girmi rediyo nesa ba kusa ba.

Unguwarmu kanta baƙunta ce ta haife ta. Tun daga 1910 Jamusawa suka ƙudiri niyyar kwashe mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, su mayar da su bayan gari domin Turawa su zauna su kaɗai. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya tsaya kai da fata a kan ƙin wannan shiri, har aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. Filin da aka keɓe a bayan garin shi ne New Bell. Yawancin ’yan ƙasa ba su yarda da zama a cikinsa ba, sai baƙi suka cika shi: Hausawa, Bamileke, Basa, Yarabawa da sauransu. Kakanninmu fatake ne da mahauta da masu sana’ar hannu, suka kafa masallaci da kasuwa, suka naɗa sarkinsu. Abin da bai ɗauku a kai ba shi ne babban gida irin na ƙasar Hausa, mai cike da kakanni da goggonni da innoni.

A can gida, wannan taron tsofaffi shi ne makarantar uwa. Mai cikin fari takan koma gaban iyayenta goyon ciki. Ungozoma ce ke yanke cibi, tsohuwa ce ke dafa ruwan wankan jego safe da yamma har kwana arba’in, ita ce ke dama kunun kanwa, ita ce kuma ke nuna wa yarinya yadda ake riƙon jariri da yadda ake goya shi. Kunyar ɗan fari ma takan sa nauyin renon ya koma hannun kaka. Wanda ke son ganin yadda abin yake a da, ya nemi labarin Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Baba ba ta haihu ba, amma ta reni ’ya’yan wasu, kuma ta san al’adun haihuwa ciki da bai. Ilimin na jama’ar mata ne gaba ɗaya, daga baki yake tafiya zuwa kunne.

Matar da aka kawo aure Duwala kuwa, tsakaninta da uwarta akwai tafiya mai nisa. Jirgin ƙasa bai isa Ngaundare ba sai a 1974. Saboda haka maƙwabciya ta zama goggo, matar mai gidan haya ta zama inna, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a unguwa ta zama ungozomar kowa. Zumuncin ya riƙe mutane, sai dai ilimin da ke yawo a cikinsa bai wuce abin da waɗannan ’yan tsirarun tsofaffi suka zo da shi ba.

Dabarar aika wa mace ilimi har cikin ɗakinta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Nana Asma’u ’yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta lura cewa matan aure na karkara ba za su iya barin gidajensu su zo karatu ba. Sai ta kafa tsarin ’Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, ta koya mata waƙoƙin wa’azi da tarbiyya. Jaji ta koma ƙauyensu ta rera wa mata, su haddace. Babu takarda a hannun mai saurare, muryar wadda aka yarda da ita kawai ake bi. A kan wannan turba rediyo ya zo ya hau bayan shekara ɗari.

Da farko dai rediyo ba na mata ba ne. Tashar farko a Kamaru a nan Duwala aka kafa ta a farkon shekarun 1940, bayan Leclerc ya sauka garin a watan Agusta 1940, kuma aikinta shi ne yaɗa labarin yaƙi da Faransanci. A Kano ma, da aka fara rediyon waya a 1944, lasifika aka kakkafa a dandali da wuraren taruwar jama’a, inda maza ke zama. Abubuwa biyu suka sauya lamarin. Na ɗaya, tashoshi suka fara magana da Hausa: BBC a watan Maris 1957, Rediyo Garwa a ƙarshen shekarun 1950, Rediyo Kaduna a 1962, sannan Muryar Jamus, sai Muryar Amurka a 1979. Na biyu, ƙaramin akwatin rediyo mai batir ya yi arha. Maigida ya saya domin labarun duniya, amma da ya fita sai akwatin ya zauna a hannun matan gida. Ta gajeren zango, muryar Kaduna ta riƙa sauka New Bell, shirin Zaɓi Sonka yana kai gaisuwa tsakanin dangin da suka shekara ba su ga juna ba. Da haka kunnen mata ya saba da baƙuwar murya, har ta zama ’yar gida.

A daidai wannan zamani ne likitoci a Zariya suka gano abubuwan da ya zama dole a gaya wa iyaye mata. A shekarun 1970, Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello suka lura da yawan masu jego da ake kawowa da kumburi da sarƙewar numfashi, zuciyarsu ta kasa aiki. Bincikensu ya danganta cutar da yawan kanwa a kunu, haɗe da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Farfesa Kelsey Harrison shi kuma ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya nuna cewa matan da ba su je awo ba sun fi mutuwa nesa ba kusa ba. Irin wannan bincike ne ya kai duniya ga taron Nairobi na 1987 a kan ceton rayukan mata masu haihuwa.

To, wa zai gaya wa kaka cewa kunun da ta dama da hannunta, cikin ƙauna, yana iya cutar da jikarta? Suruka ba za ta ji daga bakin matar ɗanta ba. Ma’aikaciyar asibiti kuma yarinya ce a idonta. Rediyo ne ya iya shiga tsakani, domin yana magana da kowa a lokaci guda ba tare da ya nuna wa kowa yatsa ba. Ta nan aka yi ta nanata cewa dakashi, wato nonon farko da wasu ke matsewa su zubar, shi ne kariyar farko ga jariri. Ta nan aka koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. Ta nan kuma aka yaɗa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a 2001, ta shayar da nonon uwa zalla har wata shida.

Shekarun 2000 suka zo da wani sabon babi. Kamaru ta buɗe ƙofar tashoshi masu zaman kansu da dokar watan Afrilu 2000, a Kano kuma Freedom Radio ta fara aiki a watan Disamba 2003. Wayar salula ta shigo a daidai lokacin, mai saurare ta sami bakin magana. Tana iya bugowa ta ɓoye sunanta, ta tambayi abin da kunya ba za ta bari ta tambayi uwarta ba. Wasan kwaikwayo ma ya shiga aikin. A 2006 aka watsa Gugar Goge a Kano da Kaduna, labarin yarinyar da ta gamu da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, domin mata su san cewa lalurar tana da magani a wurare irin su asibitin Babbar Ruga na Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana wannan aiki. BBC Media Action ita ma ta gabatar da Ya Take Ne Arewa a kan lafiyar uwa da yaro.

Zamanin ya kuma nuna cewa murya takobi ce mai kaifi biyu. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa watan Yuli 2004, cutar ta tsallaka ƙasashe maƙwabta, har da Kamaru. Sai da sarakuna da malamai suka fito da bakinsu, a masallatai da gidajen rediyo, kafin iyaye su sake buɗe ƙofa. Afirka ba ta sami shaidar rabuwa da nau’in ƙwayar cutar na daji ba sai ranar 25 ga Agusta 2020.

Tun da intanet mai sauri ya shigo wayoyin Kamaru a 2014 da 2015, uwa a New Bell ba ta ƙara jiran ƙarfe kaza ko gyara eriya ba. Lafiya Zinariya na BBC, Abu Namu na Muryar Jamus, Rayuwata na Rediyon Faransa, da shirye-shiryen tashoshin Kano da Kaduna duk suna zuwa mata ta Facebook da YouTube, ta saurara lokacin da yaro ya yi barci, ta tura wa ƙawarta ta WhatsApp. Ga wadda ba ta yi boko ba, saƙon murya ya ɗauke mata nauyin rubutu. Ga wadda ke tsoron asibiti saboda Faransanci ya yi mata nauyi, jin bayanin da Hausa tun a gida yana ba ta ƙarfin zuciyar tsayawa gaban likita a Laquintinie ko asibitin gundumar New Bell ta faɗi abin da ke damunta.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Jaji sai da Nana Asma’u ta tantance ta kafin ta ɗora mata malfa. Ungozomar unguwa, in ta yi kuskure, gobe za ta haɗu da dangin yarinyar a wurin suna ko jana’iza. Mai gabatar da shiri a gidan rediyo yana da edita a kansa. Yau kuwa duk mai waya yana iya buɗe filinsa, ya kira kansa dokta ko malama, ya ba da shawara a kan mai ciki da bai taɓa gani ba, a ƙarshe ya karanto lambar da za a tura kuɗin magani. In abu ya ɓaci babu wanda za a kama. Mizanin da za mu auna da shi a fili yake. Shirin kirki yana faɗin sunan baƙonsa da inda yake aiki, ba ya sayar da abin da yake yabo, kuma ya san iyakarsa. Idan mai ciki ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da hannu, ko jijjiga, ko naƙuda ta yini ba ta sauka ba, amsa ɗaya ce: a tafi asibiti yanzu. Duk muryar da ta ce a jiƙa wani abu a sha a jira, a kashe ta.

Maganar ta rai ce. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta nuna cewa a Kamaru, cikin kowace haihuwa 100,000, mata 782 ne ke rasuwa a binciken 2011, adadin ya sauko zuwa 406 a na 2018. An ci gaba, amma kowace ɗaya daga cikinsu ta bar gida da marayu.

Akwai kuma darasin da 2025 ta koya mana. A watan Maris na shekarar, shawarar da aka yanke a Washinton ta sa Muryar Amurka ta yi shiru, shirye-shirye irin su Domin Iyali da Lafiya Uwar Jiki suka tsaya dare ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara. Shirin Kano ma, duk kyansa, bai san kuɗin awo a Duwala ba, bai san damina mai tsawo da ambaliyar da ke cika lungunanmu da sauro ba, bai san yadda ake cike takardar haihuwa da Faransanci ba.

Alhali abin da ake buƙata duk yana cikin unguwa. Muna da ’ya’ya mata da suka karanta aikin jinya da ungozomanci, masu jin Hausa da Faransanci. Muna da malamai mata a makarantun Islamiyya. Muna da tsofaffin da suka karɓi haihuwar rabin unguwa, waɗanda in ba a ɗauki muryarsu yanzu ba za su tafi da abin da suka sani. Waya ɗaya da ɗaki mai shiru sun isa a zaunar da tsohuwa da ma’aikaciyar asibiti a tabarma guda, kowace ta faɗi nata, a riƙe mai amfani a ajiye mai cutarwa, a tura wa matan New Bell da Bonaberi da Yawunde. Ƙungiyoyin matanmu da ke tara adashi da gudummawar biki ba za su gaza ɗaukar wannan nauyi ba.

Allah Ya jiƙan iyayenmu mata da suka yi jego a baƙunta, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa.