Abin da Ya Baƙanta Kangon Tsohon Kotso

A kasuwannin ƙasar Tambuwal da Kebbe, tun daga Dogon Daji da ke bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega har ƙauyukan da ke can ciki, yawancin kayan da masassaƙi ya sauke daga gizago farare ne ko jaja-jaja. Amma wanda ya leƙa gidan tsohon makaɗi zai tarar da kangon kotso ko na kalangu baƙi wuluk, yana sheƙi. Bayanin da aka saba ji shi ne rana da shekaru ne suka mayar da shi haka, daga nan kuma sai a zarce a ce wannan baƙin shi ne shaidar zaƙin murya. Maganar farko tana da ɗan ƙamshin gaskiya, ta biyun kuwa ba ta da tushe mai ƙarfi. Baƙin icen kiɗa a ƙasar nan aikin hayaƙi ne da mai da hannu, wato labarin irin ɗakin da gangar ta kwana a ciki da irin mutanen da suka riƙe ta, kuma rabon rana a cikinsa kaɗan ne.

Ba a hana rana haƙƙinta ba. A cikin kowane ice akwai wani sinadari mai ɗaure zaruruwansa, masana suna kiransa liginin, kuma idan hasken rana da iska suka daɗe suna dukansa sai ya rikiɗe, launin icen ya koma ruwan ɗorawa, daga baya ruwan zuma. Masu gita a Amurka da Turai sun fi kowa sanin wannan, domin fuskar gitarsu da farin ice mai laushi ake yin ta. Gitocin da kamfanin Martin, wanda aka kafa a 1833, ya ƙera kafin yaƙin duniya na biyu yanzu yawancinsu sun yi ruwan zuma, kuma idan aka ɓamɓare wani abu da ke manne a fuskar, sai a ga wurin da ya rufe ya fi sauran haske. Maɗacinmu ma haka yake, ana sassaƙa shi yana ja mai haske, ya zauna ya yi ja mai duhu. Sai dai aikin rana a fatar ice kawai yake tsayawa, wuƙa ɗaya ta kankare shi, kuma iyakarsa ruwan ƙasa. Hujja tana tsakar kowane gida. Turmin da aka bari a waje, rana ta gasa shi damina ta wanke shi, toka-toka yake komawa ya tsattsage, domin ruwan sama yana kwashe sinadarin da rana ta narkar. Tamburan sarauta kuwa, waɗanda ke ɓoye a ɗaki ba a fito da su sai da salla ko naɗin sarki, suna cikin mafi duhun icen kiɗa da ake da su. Da rana ce mai baƙantawa, da turmin ya fi tambarin baƙi.

Sai a koma ga yadda aka zauna a da. Ɗaki na laka ne da rufin ciyawa ko azara, taga ƙarama ko babu, da hunturu a hura wuta a tsakiya a kwana ana jin ɗumi, da dare kuma fitilar aci-balbal tana cin man gyaɗa ko man kaɗe tana turnuƙe ɗakin da hayaƙi. A jikin bangon irin wannan ɗakin makaɗi ke rataye kayansa, don haka abin da ya baƙanta azara shi ya baƙanta kango. Ga kuma mai da ake shafa wa icen don kada iskar hunturu ta tsaga shi, ga gumin hammata da na tafin hannu, ga ƙurar hanya da ke liƙewa a kan man, shekara bisa shekara, rufi bisa rufi. Kuma gangar ba ta mutum ɗaya ba ce. Duk da cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki yawancin kaɗe-kaɗe a zamanin jihadin 1804, kiɗan fada bai mutu a ƙasar Sakkwato ba, gado ya ci gaba da zama a gidajen makaɗa, har ya kai ga su Ibrahim Narambaɗa da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi da taushinsa a fadar Sarkin Musulmi, da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991. Fata tana yagewa a sake ta, tsarkiya tana tsinkewa a ɗaura wata, kango ne kaɗai ke wucewa daga hannu zuwa hannu. Ko allon almajiri, wanda ba ruwansa da kiɗa, ta wannan hanyar yake yin duhu: tawada, wanki, hannu, da hayaƙin wutar karatun dare.

Makaɗa za su ce duk wannan surutu ne, su dai kunnensu ya shaida musu tsohon kango ya fi sabo amo. Ba a raina kunnen mai sana'a, kuma akwai abin da ke bayan maganarsu. Icen da ya shekara ya gama bushewa, ya daina motsi, ba ya ƙara murɗewa ya sassauta fata. Amma wannan aikin bushewa ne, launin rakiya kawai ya yi. Akwai kuma abin da ake mantawa: kangon da aka sassaƙa ba daidai ba, ko aka yi shi da ɗanyen ice, tun da wuri ya fashe ko ya zama makamashi, wanda ya kai zamanin jikoki shi ne wanda dama mai kyau ne tun ranar da aka fafe shi. A kotso da taushi ma, faɗin baki da zurfin ciki da irin fata da naken da aka liƙa a tsakiyarta sun fi launin ice tasiri nesa ba kusa ba. Turawa sun gwada irin wannan imani a kan gogen Stradivari, maƙerin Italiya da ya rasu a 1737, wanda ake sayen kayansa da miliyoyin daloli. A Indiyanafolis a 2010, da kuma Faris a 2012, mai bincike Claudia Fritz da abokan aikinta sun sa wa ƙwararrun masu goge tabarau mai duhu, suka miƙa musu tsofaffi da sababbi a gauraye. Ba su iya rarrabewa ba, kuma da yawansu sabon suka zaɓa.

Abin da ya fi raunana shaidar launi shi ne ana iya ƙirƙirarsa, kuma an daɗe ana yi. Baƙin akushi ba tsufa ba ne, masassaƙi ne ke babbake shi ya goge da mai tun kafin ya kai shi kasuwa, ba kuma da niyyar yaudara ba, ado ne da kariya. Yaudarar ta zo ne da masu sayen kayan tarihi. Christopher Steiner, a littafinsa na 1994 kan fataken gumaka a Abijan, waɗanda da dama daga cikinsu Hausawa ne, ya bayyana yadda ake turara sabon sassaƙe da hayaƙi a shafa masa taunannen goro don Bature ya ɗauka na kakanni ne. Masu ƙera gita su ma yanzu suna gasa ice a tanda marar iska, ya fito da ruwan zuma tun bai ga rana ba, su dai a fili suke faɗa.

A ƙasar Tambuwal sharuɗɗan da suka haifar da wancan baƙin suna ta janyewa. Kwano ya maye rufin ciyawa, tocila da fitilar sola sun kashe aci-balbal, langa da roba sun kori akushi daga gaban maigida, farin 1973 da na 1984 tare da saran itacen girki sun rage manyan itatuwan da ake fafe kango da su, fiyano kuma ta kwashe kaso mai yawa na bukukuwan da a da kalangu ke ci. Masassaƙin yau yakan shafa wa sabon kango fenti ko man katako mai ƙyalli, wanda ke toshe ƙofofin icen ya hana mai da gumi shiga. Kangon da aka sassaƙa bana, ko ya yi shekara sittin a ɗakin siminti, ruwan ƙasa zai tsaya.