Yadda salak ya shiga kwanon kwaɗo

Tun da aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamban 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta jihar Kaduna ta ƙulla da 'yan bindigar dajin, mutane sun fara samun sukunin yin musu a kan ƙananan abubuwa. Ɗaya daga ciki, musamman idan azumi ya gabato, shi ne salak. Amaren da suka koyi girki a waya sun ce haɗin gaskiya sai da mayonis ɗin Bama da dafaffen ƙwai da waken gwangwani. Iyayensu mata sun ce wannan kwaɓa ce, salak na ƙuli-ƙuli ne. Ga kuma dattawan da ke ganin duk biyun cin ɗanyen ganye ne irin na Nasara. Ni dai ina bayan iyaye mata, kuma ina ganin tarihi ma yana bayansu.

Ganyen kansa baƙo ne, wannan ba musu. Misirawan dā sun noma shi fiye da shekara 4,000 da suka wuce, har suka zana shi, dogo a tsaye, kusa da gunkinsu Min. Daga can ya bi ta hannun Girkawa da Rumawa ya bazu a Turai. Da wannan irin dogon mai ƙwari a tsakiya Caesar Cardini, wani Ba'italiye mai gidan abinci a Tijuwana ta ƙasar Meziko, ya yi haɗin da ya ɗauki sunansa a 1924: ƙwai, man zaitun, tafarnuwa, lemun tsami, cuku da gasasshen burodi. Wanda ya fi yawa a kasuwanninmu kuwa mai faɗin ganye ne, mai laushi.

Kwaɗo ya riga salak zuwa da nisa. Birnin Gwari tana kan tsohuwar hanyar fataken da ke tasowa daga Kano su bi ta Zariya su nufi Nufe da Gwanja, ta nan ma Baturen nan mai yawon bincike, Clapperton, ya ratsa a 1826, kuma garin da daji ya kewaye ba ya rasa ganye: tafasa, rama, yaɗiya, sai zogale da asalinsa na Indiya ne amma ya daɗe da zama ɗan gida. Bambancin shi ne waɗannan dafa su ake yi a matse kafin a kwaɗa. Sai dai masu cewa Bahaushe bai san ɗanyen ganye ba sun manta da lansir.

Mahaɗin ma yana da nasa tarihin. Gyaɗa daga Kudancin Amurka ta fito, jiragen ruwan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, kamar yadda barkono da tumatir ma daga can suke. An jima ana nomanta kaɗan-kaɗan kafin layin dogo ya isa Kano a 1911, shekara guda bayan haka kuma cinikinta ya ɓarke, har ta kai ga dalar gyaɗa da sunan Alhassan Ɗantata ya tafi da ita. Abin da littattafan tarihi ba su cika kulawa da shi ba shi ne abin da ya rage a cikin gida. Duk matar da ta soya gyaɗa ta matse mai, tunkuza ce ke saura a hannunta, ita ake mulmulawa a soya ta zama ƙuli-ƙuli. Nufawa suna cewa su suka fara, ban kuma ga dalilin yi musu gardama ba. Arahar da ya yi a ƙasar Hausa ce ta dame ni, domin ta sa gidan da ba a ɗora tukunyar nama ba ma yana da abin kwaɗa ganye.

To wa ya haɗa baƙon ganye da tsohon kwano? Wasu sun ce Turawan mulki ne, da lambunansu na bariki da na Jos. Wasu sun ce Kwarori ne na Kano. Mutanen Maraɗi kuma za su ce ta wajensu ya ɓullo, tun da Faransawa ba sa cin abinci ba ganye. Kowanne yana iya zama gaskiya a kan yadda iri ya shigo. Amma kukun Bature ya yi shekara da shekaru yana zuba wa salak farin mahaɗin kwalba, irin wanda kamfanin Heinz ya fara sayarwa a Ingila a 1914, ba tare da abin ya tsallake katangar bariki ba. Shigowar iri daban, shiga kwanon talaka daban.

A ganina injin ban ruwa da watan azumi ne suka yi aikin. Salak ganyen sanyi ne, mai shan ruwa kullum. Zafi na kama shi sai ya yi tsiri ya yi ɗaci. Mai lambun da ke jan ruwa da jigo ba zai ɓata ƙarfinsa a kansa ba alhali ga albasa da ke ajiyuwa. Bayan farin 1973 gwamnati ta juya ga noman rani, aka gama madatsar Tiga a 1974, sannan a farkon shekarun 1990 shirin Fadama na Bankin Duniya ya baza ƙananan injinan fetur da gajerun rijiyoyin bututu a fadamun Arewa. Daidai lokacin ne kuma azumi ya faɗo cikin hunturu: a Fabrairu aka fara na 1995, na 1997 a Janairu, na 2000 zuwa 2002 a Nuwamba. Kusan shekara goma ke nan ganye na yin araha a daidai watan da baki ke neman abu mai sanyi da ɗan tsami bayan an sha kunu. Yaran da suka tashi a lokacin su ne iyayen da ke rantsuwa yau cewa da salak aka haife su.

Kuma ƙuli-ƙuli ya dace da ganyen fiye da yadda masu Bama ke so su yarda. Abin da Cardini ya nema a wajen mai da cuku da burodi, wato maiƙo da ɗanɗano da abin taunawa, shi kaɗai ya tara su. A wanke ganyen da ruwan gishiri, domin ba kowane lambun bakin gari ke shan ruwa mai tsabta ba, a bar shi ya tsane sarai. A daka ƙuli-ƙuli da barkono da citta, kada ya yi laushi kamar gari. Albasa, tumatir, ɗan man gyaɗa, lemun tsami. Gishiri sai za a ci, in ba haka ba ya janye ruwan ganyen ya kwantar da shi.

Wannan rashin juriyar ne ya sa salak ya fi masara jin jiki a shekarun da dajin Kamuku da na Kuyambana suka zama mafakar 'yan bindiga. Buhun masara yana iya jiran rakiyar sojoji a hanyar Kaduna. Kwandon ganye kwana ɗaya ya ishe shi lalacewa. Lambu kuma sai an je masa safe da yamma, a bakin rafi, nesa da gida, inda aka fi ɗaukar mutane. Azumi yanzu yana sake gangarowa cikin sanyi, a 2030 ma sau biyu zai zo, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba. In hanya ta zauna lafiya, masu lambun bakin madatsar Bagoma su za su nuna ko lissafina ya yi daidai.