Takeita: Hanya, Daji da Harshe a Tarihin Wani Garin Damagaram

1. Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa mafi yawan abin da aka rubuta a kan ƙasar Damagaram tarihin fada ne, wato na sarakuna da yaƙoƙinsu da fatauci da Sahara. Littafin da André Salifou ya wallafa a 1971 a kan daular a ƙarni na 19 shi ne madogarar manazarta har yau, amma daga birni yake duban ƙasa. Ƙananan garuruwa irin Takeita ba su bar kundin sarauta mai kauri ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tarihinsu yana ajiye a wurare uku, wato hanya da daji da bakin mutane, kuma aikin yaƙi da jahilci shi ne ya fi dacewa ya tattara shi.

2. Gari a mararraba

Takeita tana da nisan kilomita kamar 50 yamma da Zinder, a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 wadda ta nufi Tasawa da Maraɗi da Yamai. A nan ne wata hanyar ta balle kudu zuwa Matamai, ta shiga Najeriya, ta bi ta Daura zuwa Kano. A 2011 aka cire yankin daga Mirya aka mai da shi gunduma mai zaman kanta, ta ƙunshi Garagumsa da Tirmini da Dakusa.

Wannan zama ya sa yankin ya kasance ƙofar Damagaram ta yamma. Daular ta tashi a ƙarni na 18 ƙarƙashin inuwar Barno, ta kai ƙoli a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan ya kewaye birni da ganuwa ya kuma tara bindigogi. Ta wannan ƙofa ce kuma ƙarshenta ya zo. A watan Yuli na 1899, bayan sojojinsu sun kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi, ragowar rundunar Faransa ta ci gaba gabas ƙarƙashin Pallier da Joalland, ta gamu da mayaƙan Sarki Ahmadu Kuran Daga a Tirmini. Aka ci Damagaram da yaƙi, aka shiga birni, aka kashe sarkin a cikin wannan shekara. Rahotannin hafsoshi sun ba da labarin daga gefen mai nasara. Yadda talakawan ƙauyukan hanya suka ga abin, da inda suka gudu, da wanda ya dawo, sai a bakin jikokinsu.

3. Daji da masu shi

Abin da ya fi sa sunan Takeita a takardu shi ne gandun dajinta mai faɗin hekta 6,720. Hukumar mulkin mallaka ta keɓe shi a tsakiyar ƙarni na 20, bisa dokar daji ta 4 ga Yuli 1935 wadda ta shafi dukan Afirka ta Yamma ta Faransa. Dokar ta ɗauki daji a matsayin mallakar gwamnati, alhali kuwa tun da can yana da masu amfani da shi a bisa tsari sananne: manomi mai neman itace da ciyawa, maharbi, mai magani, mace mai tsinkar ganye, da Fulani da Buzaye masu ratsowa da bisashe ta burtali zuwa mashaya. Kiyaye itace ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar, domin ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram sun sa hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya kuma ciyar da dabbobi da rani.

Da aka raba jama'a da ikon daji, sai ya zama na kowa kuma ba na kowa ba. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙara matsa shi, gonaki suka riƙa cinsa daga gefe. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta buɗe ƙofar shigar da jama'a cikin kula da albarkatunsu, kuma daga 1995 ƙungiyar SOS Sahel da ma'aikatar gandun daji suka soma aikin haɗa manoma da makiyaya a kan wannan daji. Daga nan aka sami ƙungiyar masu amfani da shi mai suna Ku Taya Ni. Abin lura shi ne, da Hausa aka yi shawara, da karin magana aka daidaita masu jayayya.

4. Abin da harshe ya adana

Harshe da kansa shaida ne. Sunayen sarautun fadar Damagaram, kamar Ciroma da Galadima da Kaigama, daga Barebari suka fito, kuma tun 1960 Greenberg ya nuna cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta hanyar Barebari suka shigo Hausa. Sunayen garuruwa kuwa sukan riƙe itacen da aka tarar ko mutumin da ya sari wuri. Magarya misali ce a fili. Sabara da geza da kalgo da aduwa da taramniya kowanne yana da aikinsa a magani ko abinci ko gini, kuma wannan sani ba ya cikin littafin lakkwal. Haka al'adun noma na ƙauyukan Hausa, irin su gayya da sarautar sarkin noma da buɗin daji, kowace tana da kalmominta da kirarinta, waɗanda ke ɓacewa tun kafin a daina yin al'adar.

Rubutu ma ya yi tasa ɓarna. Sunan garin yana fitowa a takardun hukuma iri biyu, Takiéta da Takeita. Sunan ƙungiyar daji an rubuta shi Kou Tayani. Rahoton da aka buga a kan aikin a 2000 ya sa tchuda a kansa inda ake nufin cuɗa. Wanda ya koyi karatu bisa ƙa'idar da aka fara shimfiɗawa a taron Bamako na 1966, aka kuma tabbatar a Nijar a 1999, zai yi tuntuɓe a kan sunan ƙungiyarsa.

5. Kammalawa

Bisa ga haka, abubuwa uku sun kamata. Na farko, a ɗauki maganar tsofaffi a faifai, maza da mata, manoma da makiyaya, a rubuta ta da karin Damagaram yadda aka faɗe ta, kada a gyara ta zuwa Kananci. Na biyu, a tsara jerin sunayen ƙauyuka da rijiyoyi da burtalai da itatuwa bisa ƙa'idar rubutu. Na uku, daga waɗannan a ciro littattafan karatun manya, maimakon fassaro su daga Faransanci. A Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Abin da ya rage shi ne abin karantawa, kuma masu riƙe da shi a Takeita suna tsufa.