Samuwar Duwatsu da Shimfiɗar Ƙasa a Birnin Kano: Nazari Daga Dutsen Dala Zuwa Kasuwar Singa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda ƙasar da Kasuwar Singa ke zaune a kai ta samu, tare da dangantakarta da Dutsen Dala da Goron Dutse. An dogara da ayyukan masana ilimin duwatsu da kuma abin da ake gani a ramukan harsashin gini da rijiyoyi. Nazarin ya nuna cewa duwatsun biyu ragowar tsohon doron ƙasa ne da zaizaya ta cinye kewayensa, kuma tarihin da ya bar su a tsaye shi ne ya shimfiɗa kwarin Jakara inda Fagge da Sabon Gari suke.

Muhimman kalmomi: marmara, girenit, zaizayar ƙasa, Dala, Jakara

1.0 Gabatarwa

Kasuwar Singa, wadda ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, na cikin manyan cibiyoyin sarin kayan masarufi a Arewacin Nijeriya. Tireloli na sauke shinkafa da sukari da fulawa, 'yan dako na kai-kawo, ana ta ɗora benaye da rumbunan ajiya. Duk wannan nauyi yana kan ƙasar da ba kasafai ake tambayar asalinta ba. Tambayar maƙalar ita ce: waɗanne sauye-sauye ne suka samar da wannan shimfiɗa, kuma me ya sa Dala ya yi tsayuwar daka a yammacinta?

2.0 Harsashin Ƙasar Kano

Birnin Kano yana kan tsofaffin duwatsun da suka zama harsashin mafi yawan tsakiyar Arewacin Nijeriya. Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, tsohon ɓangaren ɓawon duniya na Afirka ta Yamma ya yi karo da yankin da ke gabashinsa. Matsi da zafin wannan karo sun gasa duwatsun da ke wurin, suka nannaɗe su, suka sauya musu kama. A can ƙasa kuma wani sashe ya narke, ya kutsa sama, ya huce a hankali ba tare da ya ɓullo fili ba, ya zama dutsen girenit. Jinkirin hucewar ne ya ba ƙwayoyin ma'adinai damar girma, shi ya sa idan aka duba tsakuwar girenit da tifa ke saukewa a wurin gini za a ga fararen ƙwayoyi da jajaye-jajaye da baƙaƙe masu ƙyalli, kowanne a rarrabe.

J. D. Falconer, a littafinsa na 1911 kan duwatsu da labarin ƙasar Arewacin Nijeriya, shi ya raba girenit ɗin yankin gida biyu: tsoho da sabo. Sabon ya fito ne daga aman wutar da ya biyo baya da daɗewa. Misalinsa a Jihar Kano shi ne Riruwai da ke Ƙaramar Hukumar Doguwa, mai kimanin shekaru miliyan 170, inda ake samun kuza. Jerin irin waɗannan duwatsu ya faro daga Ayar a Nijar, ya ratso Damagaram, ya gangaro Jos, kuma shekarunsu na raguwa ne daga arewa zuwa kudu. Birnin Kano kansa yana kan tsohon rukunin ne.

3.0 Ruɓewar Dutse da Samuwar Marmara

Tsaunukan da karon ya tayar sun daɗe da zaizayewa. Abin da ya rage shi ne tushensu, wanda ruwa ya ci gaba da ci daga sama. A zamunan da yankin ya fi yau danshi, ruwan sama mai ɗumi ya riƙa tsatsafowa ta tsagogin dutse, yana mayar da wasu ma'adinai yumɓu, yana wanke masu saurin narkewa. Ƙarfe ba ya tafiya da wuri, don haka ya taru a sama. Sauyawar damina da rani ta riƙa jiƙa shi tana busarwa har ya daskare ya zama marmara.

Ramin gini mai zurfi yana nuna wannan tarihi hawa-hawa. Daga sama akwai lallausar ƙasa mai rairayi. Ƙarƙashinta jar ƙasa ce mai ƙananan tsakuwoyi masu launin tsatsa, wani lokaci da dunƙulen marmara mai ramuka kamar saƙar zuma. Sai yumɓu mai rodi-rodin ja da fari. Daga nan a tarar da ruɓaɓɓen dutse, wanda a ido yana nan da zanensa amma yana marmashewa a hannu. A ƙarshe diga ta ci karo da fā, ta yi ƙara.

4.0 Dala, Goron Dutse da Kwarin Jakara

Kan Dala yana da tsayin kimanin mita 534 daga matakin teku, alhali mafi yawan birnin yana wajen mita 480. Shi da Goron Dutse duk masu shimfiɗaɗɗen kai ne, kuma marmara ce ta rufe su. Wannan ya bambanta su da duwatsun Rano ko Kufena na Zariya ko Kwatarkwashi, waɗanda girenit ne tsagwaronsa da zaizaya ta tone ta bar shi tsirara. A da can, doron ƙasar Kano yana daidai da kan Dala ne. Inda marmarar ta tsage, ruwa ya samu kafa ya kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke ƙasa, gefuna suka riƙa zubewa suna ja da baya. Inda ta yi kauri, ta kare abin da ke ƙarƙashinta.

Jakara na cikin rafukan da suka ɗauke wannan ƙasa. Ya ratsa ta gefen Kasuwar Kurmi, ya bi ta Fagge da Sabon Gari, ya nufi arewa maso gabas zuwa madatsar Wasai, yayin da ruwan kudancin birni ke gangarawa Kogin Chalawa. Singa tana cikin magudanar Jakara ne.

Iska ma ta sa hannu. A. T. Grove (1958) ya bayyana tsofaffin tuddan rairayi da suka mamaye arewacin ƙasar Hausa a zamanin da hamada ta matso kudu, waɗanda ragowarsu ke nan a Jihar Jigawa. Lallausar ƙasar da ke saman filayen Kano akasari ajiyar iska ce, kuma hazon hunturu daga kwarin Bodele na Chadi yana ƙara mata a kowace shekara.

5.0 Tasiri ga Mazauna

Marmarar Dala na ɗauke da tama, kuma an samu shaidar narkar da ƙarfe a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7. Tarihin Kano ya danganta zuriyar Abagayawa da maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama. Jar ƙasar ita aka gina ganuwar birni da ita, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), ita kuma magina suka yi tubali da ita, ramukan da aka bari suka zama kududdufai.

A yau tasirin ya fi fitowa ta fuskar ruwa. Girenit ba ya riƙe ruwa sai a ruɓaɓɓen sashensa da tsagoginsa, shi ya sa rijiyar burtsatse kan yi albarka a wani kango, ta makwabci ta ƙafe da bazara. A sama kuwa, kududdufan da a da suke shanye ruwan damina an cike da yawa an yi gini, siminti da kwalta sun rufe ƙasa, ruwan Agusta kuwa ba ya ɓata hanyarsa ta zuwa Jakara.

6.0 Kammalawa

Shimfiɗar Singa sakamakon matakai huɗu ne: samuwar harsashin dutse, ruɓewarsa da daskarewar marmara, zaizayar ruwa, sai ajiyar iska. Maƙalar na ba da shawarar a riƙa gwajin ƙasa kafin a ɗora bene ko rumbun ajiya a yankin, a auna kaurin ruɓaɓɓen dutse kafin a haƙa burtsatse, a kuma tsara magudanan ruwa bisa gangaren ƙasa na asali. Akwai buƙatar a tattara bayanan rijiyoyin Fagge da Sabon Gari wuri guda domin a zana taswirar zurfin fā a ƙarƙashin kasuwar.