Daga Dattawa Zuwa Gwamnoni: Tarihin Tsayar da Ɗan Takarar Shugaban Ƙasa a Najeriya

Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 131, ya gindaya wa duk mai neman shugabancin ƙasa sharaɗin ya kasance ɗan wata jam'iyyar siyasa, kuma jam'iyyar ce ta tsayar da shi, saboda haka babu gurbin takarar indifenda, wato ta mutumin da zai fito da ƙashin kansa ba tare da tutar kowa ba. Wannan sharaɗi ne ya sa zaɓen fid da gwani, wanda jam'iyya ke tace masu neman tikitinta har ta fitar da mutum guda, ya zama mashigar da babu wata sai ita. Galibi daliget ne suka riƙa kaɗa ƙuri'a a wannan zaɓe, wato wakilan da ake turowa daga ƙananan hukumomi da jihohi zuwa babban taro, sai dai tarihin al'adar tun daga 1978 ya nuna cewa da wuya a ce su ne ke yanke hukunci, domin ikon ya yi ta sauya hannu ne tsakanin dattawan jam'iyya da manyan sojoji da shugaba mai ci da kuma gwamnonin jihohi.

Da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa a watan Satumba na 1978, jam'iyyar NPN ta zo da tsarin karɓa-karɓa, wanda ke raba manyan muƙamai tsakanin shiyyoyin ƙasa tun kafin a tsaya takara: shugaban ƙasa daga Arewa, mataimakinsa daga Gabas, shugaban jam'iyya kuma daga Yamma. A babban taronta na Legas a watan Disamba na wannan shekara 'yan Arewa shida ne suka fafata, wato Shehu Shagari da Maitama Sule da Adamu Ciroma da Olusola Saraki da Joseph Tarka da Iya Abubakar. Shagari, wanda tun farko kujerar sanata yake hari kafin manya su shawo kansa, shi ne ya zo na ɗaya ba tare da samun rinjayen da ake buƙata ba, amma ba a kai ga zagaye na biyu ba saboda waɗanda ke biye da shi sun janye masa. Wannan shi ne mafarin abin da daga baya aka riƙa kira masalaha, wato a daidaita a bayan fage, a bar wa taro aikin tabbatarwa kawai. A 1982 kuwa, da hamshaƙin ɗan kasuwa Moshood Abiola ya nemi ya ƙalubalanci Shagari a kan tikitin wa'adi na biyu, duk da irin dukiyar da ya kashe wa NPN, jiga-jiganta sun toshe masa hanya har ya fice daga cikinta.

Mulkin soja ya ɗauke ikon daga hannun dattawa ya miƙa wa fadar gwamnati. Janar Ibrahim Babangida ne ya ƙirƙiro jam'iyyun SDP da NRC a 1989, ya gina musu ofisoshi, ya kuma ba su kuɗin gudanarwa, sa'annan da zaɓen fid da gwani na 1992 ya nuna Shehu Musa 'Yar'adua na kan gaba a SDP, Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi kuma na kankankan a NRC, sai ya soke shi bisa zargin maguɗi, ya haramta wa masu neman takara 23 sake shiga. Korar waɗannan gaggan ce ta buɗe wa Abiola da Bashir Tofa ƙofa a 1993, kuma ko a lokacin ma Abiola bai sami tikitin SDP a Jos ba sai da Atiku Abubakar, ɗan takarar ɓangaren 'Yar'adua, ya janye aka juya masa daliget ɗinsa.

Babu taron da ya fi fayyace ma'anar bare a siyasar Najeriya kamar wanda PDP ta yi a Jos a watan Fabrairu na 1999. Alex Ekwueme, tsohon mataimakin Shagari, shi ne jagoran ƙungiyar nan ta mutum 34 da ta fito fili ta ƙi amincewa da tazarcen Janar Sani Abacha, kuma daga wannan ƙungiya ce PDP ta tsiro a 1998, don haka idan da daɗewa a cikin gida da yi masa hidima ne ma'auni, da tikitin nasa ne. Obasanjo kuwa yana kurkuku lokacin da ake wannan gwagwarmaya, sai a watan Yuni na 1998 Janar Abdulsalami Abubakar ya sake shi, kuma jam'iyyar ba ta yi abin kirki ba a yankinsa a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Disamba. Amma tsofaffin hafsoshin soja da manyan 'yan siyasar Arewa, ciki har da magoya bayan marigayi Shehu 'Yar'adua, sun riga sun tsai da shawara cewa mulki zai koma ƙasar Yarabawa domin a share hawayen soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993 da Abiola ya tsaya takara, kuma a hannun wanda suka sani suka kuma amince da shi. Obasanjo ya sami ƙuri'a 1,658, Ekwueme ya tashi da 521. A nan baƙo ne ya zama ɗan gida, mai gida kuma ya koma bare, domin abin da ake dubawa shi ne amincewar masu riƙe da daliget, ba shekarun da mutum ya yi yana riƙe da katin jam'iyya ba. Sauran jam'iyyun ma ba su tsira ba: a AD dattawa 23 ne suka zauna a Ibadan suka fifita Olu Falae a kan Bola Ige, a APP kuma Ogbonnaya Onu ya ci tikiti amma shugabannin jam'iyyar suka ajiye shi gefe domin ƙawance da AD.

Daga 2003 zuwa 2014 shugaba mai ci ne uban gidan PDP. Bayan da yunƙurin wa'adi na uku ya mutu a Majalisar Dattawa a 2006, Obasanjo ya ɗauko gwamnan Katsina Umaru Musa 'Yar'adua, wanda bai yi fice cikin masu zawarcin kujerar ba, gwamnoni irin su Peter Odili na Ribas da suka daɗe suna yawon neman goyon baya suka janye, mataimakin shugaban ƙasa Atiku kuma ya sauya sheƙa zuwa AC. Irin wannan ne 'yan siyasa ke kira ɗauki-ɗora. A 2011 Goodluck Jonathan ya kayar da Atiku da ƙuri'a 2,736 da 805 duk da ƙorafin Arewa cewa an karya tsarin karɓa-karɓa, a 2014 kuma aka tsayar da shi ba hamayya.

Sai dai ko shugaba mai ci ba ya kaiwa ga daliget sai ta hannun gwamnoni, kuma a nan ne ainihin ƙarfin yake. Gwamna ne ke ɗaukar nauyin ofishin jam'iyya a jiharsa, shi ke da ta cewa a kan wanda zai zama shugabanta a ƙaramar hukuma da mazaɓa, kuma daga waɗannan tarurruka na ƙasa-ƙasa ake fitar da sunayen daliget, waɗanda a ƙarshe shi ne zai yi musu mota da masauki da guzuri zuwa wurin taro. Mai neman tikiti da ya fahimci haka ba ya ɓata lokaci wajen bin daliget ɗaya bayan ɗaya, gidajen gwamnati yake bi. Muhammadu Buhari, wanda farin jininsa a wurin talakawan Arewa ya ba shi ƙuri'a fiye da miliyan 12 a 2011 a ƙarƙashin CPC, bai ga amfanin wannan farin jini ba sai da ya haɗu da Bola Tinubu da gwamnonin APC, waɗanda suka ba shi ƙuri'a 3,430 a taron Legas na Disamba 2014, Rabi'u Musa Kwankwaso ya sami 974, Atiku kuma 954.

Zaɓen fid da gwani na 2022 ya zo ne bayan taƙaddama a kan doka. Majalisar Tarayya ta so ta wajabta 'yar tinƙe, wato kowane ɗan jam'iyya mai kati ya zaɓi ɗan takara kai tsaye, gwamnoni suka nuna adawa, Shugaba Buhari kuma ya ƙi sa hannu a watan Disamba na 2021, don haka dokar zaɓe da aka zartar a Fabrairu 2022 ta bar wa jam'iyyu zaɓi uku: 'yar tinƙe ko daliget ko masalaha. Dokar ta kuma cire daliget na dindindin, wato masu riƙe da muƙamai da tsofaffin shugabanni da ke jefa ƙuri'a saboda matsayinsu, lamarin da ya rage yawan masu zaɓen ƙwarai, har PDP ta tsayar da ɗan takararta da wakilai ƙasa da dubu ɗaya. Atiku ya sami 371, Nyesom Wike 237, bayan da Aminu Waziri Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku ana dab da fara kaɗa ƙuri'a. A APC shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya sanar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar masalaha, gwamnonin Arewa suka yi fatali da sanarwar suka ce mulki ya koma Kudu, Tinubu ya lashe da 1,271, mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙare da 235, Lawan kuma 152.

Shingen farko da ke gaban bare shi ne kuɗi. Fom ɗin APC a 2022 naira miliyan 100 ne, na PDP miliyan 40, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira dubu 30 a wata, wato ma'aikacin da ke wannan mataki zai yi fiye da shekaru 270 yana tara albashinsa bai taɓa ko sisi ba kafin ya sayi fom ɗin APC. Wannan kuwa somin-taɓi ne, domin Mohammed Hayatu-Deen ya janye daga takarar PDP yana mai kokawa da yadda kuɗi suka mamaye zaɓen. Peter Obi, wanda shi ne mataimakin Atiku a takarar 2019, ya fice zuwa Labour kwanaki kaɗan kafin taron, Kwankwaso kuma ya riga shi fita zuwa NNPP. A babban zaɓen 2023 Obi ya sami ƙuri'a fiye da miliyan 6 har ya ci jihar Legas da Abuja, Kwankwaso ya sami kusan miliyan ɗaya da rabi ya kuma ci Kano, kuma waɗannan ƙuri'u na mutanen da tsohuwar jam'iyyarsu ta ga ba su da daliget sun ninka tazarar da ke tsakanin Tinubu da Atiku sau da yawa.

Adalci ne a ambaci hujjar masu kare al'adar masalaha, domin ba ta wofi ba ce. A ƙasa mai yawan ƙabilu da addinai, zaman da manya ke yi su raba muƙamai ya sha kwantar da wutar da ƙuri'a kaɗai ba za ta iya kashewa ba, kamar yadda aka gani a 1999. Haka nan 'yar tinƙe ba ta magance komai matuƙar rajistar 'yan jam'iyya tana aljihun waɗanda ake son a rage wa ƙarfi, shaida kuwa ita ce ƙuri'a fiye da miliyan 14 da APC ta ce Buhari ya samu a 2018 alhali shi kaɗai ne a takarar. Amma wannan hujja ba ta halatta a rufe duk wata ƙofa ga wanda manya ba su yi na'am da shi ba, kuma rufewar tauye haƙƙin mai zaɓe ce kafin ta zama tauye haƙƙin ɗan takara. Kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a halatta takarar indifenda tun a 2008, Majalisar Tarayya kuma ta amince da ƙudurin hakan a watan Maris na 2022, amma har aka yi zaɓen 2023 sashe na 131 yana nan yadda yake.