Burbushin kifayen teku a duwatsun Sakkwato

Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratsa Sahara, ya lulluɓe yankin da Sakkwato da kudancin Nijar suke a yau. Bawon ƙananan halittun ruwa da ya taru a ƙarƙashinsa shi ne ya daskare ya zama dutsen farar ƙasa na Kalambaina da Malbaza, inda ake sarrafa siminti.

A cikin wannan dutse da lakar da ke tare da shi ake tsintar burbushin kifaye. Daga kifin shak haƙora kawai suka saura, domin gangar jikinsa guringuntsi ce, ruɓewa take yi. Danginsa mai faɗin jiki kamar faifai ya bar haƙora shimfiɗaɗɗu na murƙushe katantanwa. Kifaye masu ƙashi kuwa har ƙoƙon kai sun bari.

A 1934 masanin Ingila Errol White ya bayyana kifayen lardin Sakkwato. Wani dangin tarwaɗa ya raɗa masa suna Nigerium wurnoense, don tunawa da Wurno.

Matsalar ita ce, duk burbushin da ba a tsince ba kafin dutse ya shiga injin niƙa, ya tafi ke nan.